Amsa: ta yaya bakteriya ke sanin lokacin kunna ƙwayoyin gadonta?

Ɗan'uwa, ka tambaya wai bakteriya da ba ta da ƙwaƙwalwa ta yaya take sanin wace ƙwayar gado za ta kunna, wace za ta kashe. Wallahi wannan abin ne ya sa na kamu da son bayoloji.

Ɗauki E. coli ɗin nan da ke cikin hanjinmu. Tana da ƙwayoyin gado 3 a jere na sarrafa sukarin madara wato laktos, ana ce musu lac operon, kuma in babu laktos akwai wani furotin da ke zaune daram a kan DNA ya tare hanya, ba a kwafar komai daga ƙwayoyin gadon zuwa RNA, wato saƙon da ake bi a ƙera furotin. Da laktos ya shigo sai kaɗan daga cikinsa ya rikiɗe ya manne wa furotin nan, shi kuma ya saki DNA, aiki ya kankama. Amma fa in akwai gulukos ba ta cika waiwayar laktos ba, sai gulukos ɗin ya ƙare sinadarin cAMP mai nuna ƙarancinsa ya ƙaru sannan take buɗe wuta sosai. François Jacob da Jacques Monod ne suka bayyana tsarin a Faransa a 1961, suka samu Nobel a 1965 tare da André Lwoff.

Kuma birkin ba ɗaya ba ne. A trp operon, wato jerin ƙwayoyin gado na ƙera sinadarin tiriftofan (ɗaya daga cikin tubalan gina furotin), ko an fara kwafa, in tiriftofan ɗin ya wadata sai RNA ɗin ta naɗe ta katse kwafar tun ba a yi nisa ba, wannan ya fi burge ni gaskiya. Akwai kuma ƙananan RNA masu manne wa saƙon su hana ribosom, wato injin ƙera furotin, karanta shi, saƙon kansa mintuna kaɗan yake yi ya ruguje, furotin da aka gama ƙerawa ma akwai inzam, wato furotin masu sarrafa sinadarai, irin su Lon da ke daddatsa shi in ba a buƙatarsa.