Hukuncin gwada magani a kan ɓeraye don rage haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a jami'a nan Katsina, aikin da aka ba ni na kammala karatu shi ne in riƙa ɗura ma ɓeraye maza ruwan 'ya'yan gwanda na wasu makonni, daga baya a kashe su a ƙirga maniyyinsu a ga ko ya ragu. Abin na damuna Malam, ba ni da alhaki kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, yi aikinka, ya halatta. Ɓera ai yana cikin dabbobi 5 ɗin nan da Annabi (SAW) ya ce a kashe ko a Harami, hadisin Nana A'isha a Buhari da Muslim, to balle ana neman ilimin da zai amfani mutane. Amma izinin kisa bai ba ka izinin azabtarwa ba, hadisin Shaddad ɗan Aus ya ce in za ku kashe ku kyautata kisan. Saboda haka abincinsu da ruwansu kan kari, kar a cunkusa su keji ɗaya, a sa musu maganin gusar da hankali kafin a kashe, kuma in 20 sun isa kar a ɗauko 40. Jini ko mushe ya taɓa rigarka ka wanke kafin sallah.

Inda nake jan kunnenka shi ne bayan an gama. Da an ji abu ya yi aiki a jikin ɓera sai ka ga mai magani ya ɗura a jarka ya nufi kasuwa da lasifika, alhali ɓera daban mutum daban. Akwai sinadari cikin angurya, wannan dai ta audugar da ake nomawa Funtua, ana ce mishi gosifol, a Sin an gwada shi kan dubban maza a shekarun 1970, maniyyi ya ragu ƙwarai amma wasu haihuwar ba ta dawo musu ba ko da suka daina sha.

Nan ne hukunci ya rabu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait, 1988, ta haramta yanke haihuwa kwata-kwata ga namiji ko mace sai da larurar da shari'a ta yarda, ta kuma halatta tazara ta ɗan lokaci in miji da mata sun amince kuma babu cuta, ai sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje lokacin saduwa, Alƙur'ani na sauka. To ka rubuta abin da ka gani tsakani da Allah ba ƙari, kuma kar ka ba kowa ya sha sai likitoci sun tabbatar.

Wallahu a'alam.