Amsa ga ɗan'uwan da ake ce wa dokinsa ya yi ƙanƙanta

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka cewa tsayin dokinka bai wuce santimita 142 ba a kafaɗa, kuma abokan kilisa suna ce maka ba zai jure doguwar tafiya a daji ba, sai na ji kamar ni na rubuta ta, domin irin wannan magana ce ta raba ni da dokin da har yau ban sami kamarsa ba.

Nawa ma ƙuru ne, ja, mai faɗin ƙirji da taurin kofato, wanda nakan fita da shi bayan asuba mu dawo da la'asar, ya isa turke yana neman harawa kamar bai je ko'ina ba. Wani dillali ne ya sa ni gaba, yana faɗa a cikin mutane cewa ƙafafuna sun kusa jan ƙasa, kuma magidanci kamata bai dace da dokin yara ba. Ya yi ta sintiri a gidana har na ba shi ƙurun, na cika kuɗi, na karɓi ingarma mai ƙiba da sheƙi. Ranar da na fara nisa da shi, cikin bazara, kafin azahar ya jiƙe sharkaf, ƙafafunsa suna rawa, haƙarƙarinsa yana sama da ƙasa, na kai shi bakin rijiya ya kau da kai. Na kwance sirdi na zauna a gindin gawo ina zuba masa ruwa a wuya da guga, ina kallon idonsa, na tabbata a raina cewa a nan zai mutu. Da ƙafa na jawo shi gida bayan isha'i. Da na koma wurin dillalin, dariya ya yi, ya ce ai bai sayar mini da shi don fatauci ba, kuma ƙuruna ya riga ya canza hannu sau biyu. Wannan dariyar ce ban manta ba. Ingarman kam ba shi da laifi, domin an turke shi ne don hawan sallah, ba a taɓa horar da shi a kan nisa ba.

A gasar juriya ta duniya, inda ake cin kilomita 160 a rana ɗaya, dawakin Larabawa ne suka fi cin nasara, kuma yawancinsu tsakanin santimita 145 ne da 155. Haka abin yake a gasar Tevis ta jihar Kalifoniya a Amurka, wadda ake yi tun 1955 a kan duwatsu. Dawakin Mongoliya ba su ma kai naka ba sau da yawa, amma da su ake tseren kilomita 1,000, ko da yake a can ana sauya doki a kowane zango.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne nauyi. Masana suna cewa kai da sirdi da guzuri kada ku wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin, wato idan kilo 350 ne, kada kayansa su haura kilo 70. Don Allah ka ajiye sirdin hawa mai kayan ado, domin bayan ƙuru gajere ne, dogon sirdi yana danne masa ƙugu ya buɗe miki. Ka koyi jin bugun zuciyarsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. A gasa ba a barin doki ya ci gaba sai bugun ya sauko zuwa 64 a minti, ni ma da shi nake aiki yanzu. Ka fara da tafiya da sassarfa, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan cikin watanni, ban da sukuwa, kuma duk inda ka ga ruwa ka bar shi ya sha.

Ka faɗa mana nauyinka, da shekarun dokin, da irin sirdin da kake ɗaura masa. Idan bai cika shekara 5 ba, ka ƙara masa lokaci tukuna.