Baƙi ne suka kore mu daga unguwarmu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko baƙin da suka cika unguwarku ne suka jawo tsadar haya har tsofaffin mazauna ke komawa bayan gari. A ganina laifinsu kaɗan ne.

Tun kafin su iso ake fara abin. Unguwa tana kusa da wuraren aiki, gidajenta sun tsufa, haya da sauƙi. Sai a kawo layin dogo ko a gyara titi, masu jari su hango riba, su saye gidajen su yi musu kwaskwarima. Mai gida ya ga maƙwabcinsa ya ninka haya, shi ma ya aiko da takardar tashi. Tun 1964 masaniyar zamantakewar al'umma Ruth Glass ta bayyana haka a unguwannin ma'aikata na Landan.

Ɗan haya ne ke shan wuya. Dattijuwar da kowa a layin ya san sunanta, yau tana can gefen gari, sai ta hau mota biyu kafin ta gaida ƙawarta. Wannan ya fi ci mini rai.

Magani yana hannun hukuma. Berlin ta ƙayyade haya a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a 2021. Vienna, babban birnin Austria, kuwa ta riƙe gidaje kimanin 220,000 mallakin birni. Ku kafa ƙungiyar 'yan haya, ku sa baƙin nan a cikinta, don yawancinsu tsadar wata unguwa ce ta koro su.