Tambayi Bakanike: Hiace tana zafi, sitiyari ya yi tauri

Tambaya: Malam, ina lodi tsakanin Zariya da Funtuwa da tsohuwar Hiace. Kwanan nan allurar zafi tana hawa, sitiyari kuma ya yi nauyi, yana kuka idan na juya. An canza min lagireto, ba ta daina ba.
Wani direba, Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, an yi maka gaggawa da lagireton nan. Ni da bel zan fara. A injina da yawa bel ɗaya ne ke juya famfon ruwa da na sitiyari da altaneta, in ya saki duka ukun su raunana, wani lokaci har fitilar batir ta kama. Kashe mota, danna shi da yatsa, duba ko ya tsattsage ko ya yi sulɓi.

In bel lafiya, leƙa man sitiyari. Ya ragu ko yana kumfa, to iska ke shiga, nemi tiyon da ke yoyo. Jan mai, irin na giyar mota mai otomatik, ake zuba wa Toyota da yawa, amma karanta murfin.

Zafin kuwa, jira inji ya huce sarai kafin ka taɓa murfin lagireto, na ga wanda tururi ya saɓule wa hannu. In ya huce, buɗe murfin, tayar da motar ka zuba ido: ruwa yana ɓulɓulo da kumfa, salansa na farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara? Gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone ke nan. Kuma ka daina ɗura mata ruwan rijiya, tsatsa yake tarawa.