Kada ki kai ƙwallayen nan wurin mai yankan gilashin taga

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana yana faɗuwa, don kamar ni ce na rubuta ta shekara uku da suka wuce. Kin ce yayanki ya zo miki da ƙwallayen gilashi guda huɗu daga wurin 'yan gwanjo, irin waɗanda masuntan teku ke ɗaura wa taru don kada ya nutse, kina so ki mayar da su fitilun ratayawa a falo, kina tambaya ko ki kai wa masu yankan gilashin taga su huda miki. Don girman Allah kada ki kai. Ki naɗe su da tsumma ki sa a kwali tukuna, ki ji abin da ya same ni.

Nawa guda biyar ne. Kawuna da ke saro gwanjo daga Kwatano ya tsince su cikin tarkacen kayan ado, bai ma san ko mene ne ba, ya miƙo mini saboda ya san sana'ata ta gyaran ɗakin amare. Huɗu ƙanana ne kamar lemun zaƙi, ɗaya kuma babba, ta ɗara ƙwallon ƙafa. Ita wannan babbar, har yau in na tuna ta sai na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi. Launinta tsakanin kore da shuɗi, cikin jikin gilashin akwai 'yan ƙananan kumfa kamar an watsa gero, ga tsohuwar ragarta a jiki, igiyar ta yi baƙi ta bushe. In na ɗaga ta a hasken hantsi, sai bangon ɗakina ya yi kamar ana kallonsa ta ƙarƙashin ruwa. Wata takwas tana kan durowata ban yi komai da ita ba sai gogewa.

Sai wata Hajiya daga Mabera ta zo duba samfurin labule na ɗakin 'yarta, ta ƙyalla ido ta gan ta. Ta ce lallai sai na yi mata fitila da ita a tsakiyar falon amarya. Na ce ba ta sayarwa ba ce, ta yi ta ƙara kuɗi har kwaɗayi ya ja ni, na karɓi kafin alƙalami. Saura kwana tara a yi jere.

Na hau ɗan kabu-kabu da ita a cinyata, da azahar, cikin watan Afrilu. Kun dai san Afrilun Sakkwato, zafin da ke haura digiri 40. Na je wurin wani mai aikin tagogi, ba zan faɗi layin ba don ba tonon silili na zo yi ba. Na tambaye shi sau uku ko ya taɓa huda irinta. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wanga ai ƙaramin aiki na, ko gilashin ƙofar mota muna hudawa." Da na san abin da na sani yanzu, a nan zan ɗauki kayana in juya, domin gilashin ƙofar mota ba ya huduwa, wargajewa yake yi kamar tsakuwa. Amma rashin sani ya fi dare duhu. Ya ɗora ta kan teburin ƙarfe haka nan ba ko tsumma, ya sa wani yaronsa da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗauko injin huda da bakin da ake huda bango da shi. Ba ruwa, ba komai. Na ce, "Malam, ba a sa ruwa?" Ko kallona bai yi ba. Ya danna da ƙarfinsa. Na ji ƙas, na ga farin layi ya zagaye ta kamar walƙiya, sai fau. Yaron ya saki ihu, jini na zuba daga tafin hannunsa, guntayen gilashi har cikin takalmina.

Ba fashewar ce ta fi ƙona mini rai ba, abin da ya biyo baya ne. Mutumin nan ya dube ni ya ce, "Dama da tsaga taz zo." Ni da na yi wata takwas ina goge ta da hannuna! Na ce ya ji tsoron Allah, ya ce, "To mi ne ne, ba kwalba ba ta?" Mutane sun taru, wani yana cewa in yi haƙuri, wani yana tambaya wai nawa ake sayar da kwalbar da har nake kuka. Ni ce na kai yaron kemis aka wanke masa hannu aka ɗaure, da kuɗina, maigidan nasa yana tsaye yana duba bakin injinsa wai ya dakushe, har yana neman in biya shi. Na tattara guntayen a gyalena na dawo gida. Ragar tana nan cikin akwatina. Kuɗin Hajiya kuwa na riga na sayi yadi da su, sai da na sayar da 'yan kunnena na mayar mata, ta kuma bi dangi tana cewa ba ni da alƙawari. Aikin ɗakin gaba ɗaya wata aka ba. Na bar shi da Allah, amma har gobe in hanya ta biyo da ni ta gaban shagon nan sai na kau da kai.

Bayan wannan ne na zauna na yi ta bincike a waya, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe su waɗannan ƙwallaye a ƙasar Nowe aka fara yin su, wajen shekarun 1840, Japan kuma ta kama yi tun wajen 1910, ta yi su da yawan gaske har zuwa shekarun 1970 da roba ta kore su. Da tsofaffin kwalabe ake narkawa a hura su da baki, shi ya sa launin yake kore-kore kuma kumfa ke ciki. Kamar dai yadda masu aikin gilashi na Bida ke narka kwalba su yi munduwa da tsakiya. Waɗanda suka tsinke daga taru kuwa sukan yi shekaru suna yawo a teku kafin igiyar ruwa ta watso su gaɓar Alaska da yammacin Amurka, mutane su bi bakin ruwa suna tsinta. Mu nan da muka saba ganin masuntan Argungu suna kifa ciki kan gora da homa a hannu, wa zai ce mana akwai masu yin gorarsu da gilashi?

Abin da ya shafe ki a nan shi ne ki fara sanin wace iri ce a hannunki. Juya ta ki nemi cibiyarta, wato ɗan dunƙulen gilashin da aka liƙe ramin hurawa da shi. Galibinsu suna da ita, har na kwaikwayo, don haka ba ita kaɗai za ki duba ba. Ta ainihi tana da nauyi da kauri, ba ta cika zama da'ira sosai ba, jikinta da ƙuje-ƙuje, wani lokaci har za ki ga zanen raga inda rairayi ya ci gilashin ya bar wurin da igiya ta rufe. Ta kwaikwayo, wadda aka yi don ado kawai, shafal take, sumul, launinta ja ne ko ruwan ɗorawa ko shuɗi mai ƙyalli, igiyarta fara tas. In taki ta ainihi ce, ni dai shawarata kada ki huda ta ko da wa zai yi miki. Ba a yin irinta da yawa yanzu, kuma da an huda darajarta ta faɗi a wurin masu tara su. Ga shi kuma tun tana da zafi aka toshe ta, da ta huce sai iskar ciki ta yi ƙasa da ta waje, ga kaurin jikin ba ɗaya ba, wani gefe kamar gindin kwalba, wani gefe kamar ɓawon ƙwai. Ba ki san inda za ki faɗa ba.

Kuma wa ya ce sai an sa ƙwan fitila a ciki? Ƙananan nan huɗu da suka rage mini ko ɗaya ban huda ba, ga su can rataye a falona. Na saƙa wa kowace raga da igiyar rama, na rataye su a zoben ƙarfe da maƙeri ya lanƙwasa mini, wata ta fi wata tsawo, na sauko da ƙwan LED guda ɗaya a tsakiyarsu. Hasken yana ratsa su ya zuba kore a silin. Duk wadda ta shigo sai ta ɗauka a ciki wutar take. Zoben ma na kai wa dukawa suka naɗe mini shi da jar fatarmu, ya yi kyau har ba a magana. Saƙar ragar ba wuya, in kin iya ƙulla ragayar ƙwarya kin iya ta. Ni wata tsohuwa 'yar Sarkawa da ke kawo mana busasshen kifi daga wajen Goronyo ce ta gyara mini ƙullin, ta ce nawa zai zame, ta nuna mini irin na taru. Allah Ya saka mata, ko sisi ba ta karɓa ba, sai goro.

In kuma na kwaikwayo ne, ko kin ƙudura sai kin huda, to ki yi da kanki ko ki tsaya a kan mai yi. Na huda sun fi ashirin tun daga lokacin, uku suka fashe. Bakin huda na gilashi za ki nema, mai kamar ɗan bututu da garin daimon a bakinsa, masu sayar da kayan tayil suna da shi. Injin ya zama mai batir, kada ki haɗa ruwa da wayar lantarki, kuma a kashe masa bugun nan na huda bango. Ki yi gammo da tsohon zani cikin roba, ki zaunar da ƙwallon a kai kamar tulu. Ki manna salatif inda za ki huda don kada bakin ya zame, ki kewaye wurin da ɗan shingen yumɓu, ki zuba ruwa a ciki ya kwanta. Ni ina kauce wa cibiyar, gilashin wurin ba shi da tabbas. Ki fara a karkace har bakin ya kama, sannan ki miƙar da shi, a hankali, kada ki danna ko kaɗan, nauyin injin ya isa. Ruwan zai koma fari kamar an dama alli. In ya ƙafe ki tsaya ki ƙara. Lokacin da ya kusa ɓullewa shi ne mafi hatsari, a nan ukun nan nawa suka tafi, duk saboda ɗoki. Wata za ki ji ta yi tsii ta zuƙe ruwan ciki, kada ki firgita ki fizge hannu. Ki fara gwadawa a kwalaben lemo guda biyar ko shida kafin ki taɓa ƙwallon. Tabarau da safar hannu dole ne, yara kuma a kore su daga wurin, hannun yaron nan bai fita daga idona ba.

Na manta ban ce ba, kada ki ɗauko ta daga rana ki zuba mata ruwan randa. Ina zargin har da zafin da tawa ta kwasa a hanya ya taimaka wa mutumin nan. Da sassafe nake yin hudata, a inuwa.

Girman ramin ya danganta da abin da za ki sa. In 'yan fitilun nan ne masu siririyar wayar tagulla, milimita 8 zuwa 10 ya ishe ki, kuma su na fi so, ba sa zafi, suna aiki da batir ko ɗan sola, ko an ɗauke wuta falonki na haske. In holda ce ta babban ƙwai, sai ramin ya kai wajen milimita 40, wannan kuwa sai babbar ƙwallo, kuma a nan aka fi asara. Ko da wasa kada ki sa tsohon ƙwan nan mai wat 60 a ciki. Wuri ne rufaffe, zafi ba shi da mafita, ga zafin garinmu, zai tsaga gilashin ko ya ƙona igiyar. LED mai wat 3 ya wadatar. Ki goge bakin ramin da takardar yashi mai laushi a jiƙe, ki sa 'yar roba a bakin don kada ya yanke waya. Farin ruwan da ya shiga ciki ki ɗauraye shi sau da yawa, ki kife ta kwana biyu, in ba haka ba tabonsa na nan kina gani duk lokacin da aka kunna.

Wani kuskuren da na yi, na rataye wata da wayar wutar kanta. Kwana goma ta sabule. Allah Ya sa kan kujera ta faɗa. Nauyin a kan igiya ko sarƙa zai zauna, ƙugiyar kuma a katakon rufi ko a kankare, ba a jikin silin ba. Haɗin wutar ki bar wa mai gyaran lantarki, wutarmu ta haura bolt 200, ba abin gwaji ba ce. Ki nisanta ta da fanka, iska na kaɗa su suna gwaruwa. Da hunturu kuwa sai kin yi haƙuri da ƙura, raga tana riƙe ta sosai, ni duk Juma'a nake hawa kujera da burushin fenti ina kakkaɓewa, maigida yana ce mini na ɗora wa kaina aiki.

In kuma don sayarwa kike so, to ki shirya jin magana. Za a zo a yaba, a ɗauki hoto, a ce "ba kwalba ba ce?" a taya miki kuɗin da ko igiya bai saya ba. Kalmar nan har yanzu tana tayar mini da tsohon miki. Kada ki karɓi kuɗin kowa sai fitila ta kammala tana ci a gabanki.

Ki ɗauko mana hotonsu a nan, ɗaya ta gefen cibiya, ɗaya kin ɗaga ta a haske, in duba miki ko na ainihi ne. In kina cikin gari, ki yi mini magana ta akwatin saƙo, bakin hudana na milimita 8 yana nan, zan ara miki ki gwada a kwalabe. Na babban ramin ya dakushe, ban sake saye ba.