Tumatirin damina: abin da za a saya da abin da za a bari a shago

Da an shiga marka, tambayoyin da ke zuwa wannan fili sukan koma kan abu guda: ganyen tumatir ya lalace, wane magani za a saya? Na zaɓi biyar daga cikinsu. A biyu kaɗai amsar ta ƙunshi sayen magani.

Wani manomi daga Bunkure, jihar Kano, ya ce: "Ganyen ƙasa na tumatirina yana yin tabo-tabo masu ruwan ƙasa, sai ya yi rawaya ya bushe, abin kuma yana ta hawa sama. Mai shago ya ce in ɗauki Ridomil Gold, alhali kuɗinsa ya fi na mancozeb nesa ba kusa ba. Wanne zan saya?"

Malam, kafin ka zaro kuɗi, tsinko ganye ɗaya ka duba tabon da kyau a cikin haske. Idan ka ga zobe a cikin zobe, da'ira tana kewaye da da'ira, gefen kuma ya yi rawaya, to cutar da masana ke kira Alternaria ce ta kama ka. Yadda ka ce ta faro daga tsofaffin ganyen ƙasa tana hawa, ita na fi zargi. Fumfuna ce da ke kwana a cikin ragowar karan tumatirin bara da ke gona. Ruwan sama yana dukan ƙasa, ya fantsama ta kan ganyen da ke kusa, daga nan iska da raɓa su ƙarasa aikin. Zafi da laima take so, watan Agusta a Kano kuwa ya haɗa mata duka biyun.

Abin da ya sa Ridomil Gold tsada shi ne sinadarin metalaxyl da ke cikinsa, wanda yake shiga jikin shuka. Sai dai metalaxyl ba ya taɓa Alternaria. Abokin haɗinsa a cikin fakitin, wato mancozeb ko jan ƙarfe gwargwadon nau'in da aka kawo, shi ne zai yi maka aiki. Ka ga ke nan za ka biya kuɗin magani biyu ka amfana da ɗaya. Ka sayi mancozeb ɗinka. Idan kuma cutar ta riga ta kai tsakiyar shuka, ka nemi maganin da aka rubuta difenoconazole ko azoxystrobin a jikinsa, ka fesa sau ɗaya ko biyu, sannan ka koma kan mancozeb. Kada ka lizimci waɗannan biyun kowane mako, domin fumfuna takan saba da su har su daina yi mata komai.

Ridomil yana da ranarsa. Akwai wata cutar daban wadda ke zuwa da manyan tabo kamar an watsa wa ganye tafasasshen ruwa, da farin gashi-gashi a bayan ganyen da sassafe, kara ya yi baƙi, 'ya'ya su yi tauri su koma ruwan ƙasa. Tana iya cinye gona cikin mako guda. Ita ce ta halaka dankalin Turawa a ƙasar Ailan daga 1845 har aka yi yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan guda, ita ce kuma manoman dankali na Bokkos da Mangu a jihar Filato ke fama da ita duk damina. Sanyi da hazo take so, shi ya sa ta fi ƙarfi a kan tsaunin Jos da Mambila. Wanda ya ga wannan a gonarsa, kuɗin Ridomil bai tafi a banza ba.

Abin da na fi so ka riƙe game da mancozeb shi ne ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Lulluɓe ganye mai lafiya yake yi don kada cutar ta samu ƙofar shiga. Manoma da yawa suna jira sai gona ta yi ja, su fesa sau ɗaya, su ga tabon yana nan, sai su ce maganin jabu ne. Tabon da ya fito ya fito ke nan. Abin dubawa shi ne ko sabon tofi yana fitowa lafiya. Don haka a lokacin marka ana feshi ne duk kwana 7, idan kuma aka tafka ruwa mai ƙarfi bayan feshin, a sake. Ka bari raɓa ta bushe tukuna, ka duba sama ka tabbata za ka samu sa'o'i kaɗan ba ruwa, ka kuma juya bakin famfo ya jiƙa bayan ganye. Kafin feshin farko, ka cire ganyen ƙasa da suka kamu ka fitar da su daga gona, ka binne ko ka ƙona. Kada a yi wannan aikin ganye yana jiƙe, hannu da riga ne za su raba cutar layi-layi.

Wajen saye, ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma guji garin maganin da ake aunawa da cokali a ƙulla a leda, domin ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki. A jikin kowane fakiti na ƙwarai an rubuta awon da za a zuba a famfo da yawan kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Wannan na biyun ina roƙonka da Allah ka kiyaye shi. Tumatirin da aka fesa yau aka kai kasuwar Kwanar Gafan ko ta 'Yankaba gobe, a tukunyar wani zai ƙare, wani lokacin ma ɗanye za a yanka shi a kan kwaɗo. Tarayyar Turai ta janye izinin mancozeb a ƙarshen 2020 saboda damuwa kan lafiyar ɗan Adam. A nan ana sayar da shi, amma wannan ya isa ya sa ka rufe hanci da baki, ka sa safar hannu da takalmin roba, ka yi wanka da sabulu da zarar ka gama, ka kuma hana yara ɗaukar famfo.

Daga Hunkuyi, kusa da Zariya: "Tumatirina yana cikin ƙoshin lafiya, kore shar, sai kawai in ga ya lanƙwashe da rana, kwana biyu ya mutu. Na fesa magani kala uku ba canji. Wanne ya rage in gwada?"

Babu, ɗan'uwa. Ka tsayar da sayen magani haka nan. Ga gwajin da ba zai ci maka ko kwabo ba: yanke karan shukar da ta lanƙwashe daga kusa da ƙasa, ka tsoma bakin yankan a cikin ruwa mai tsabta a kofin gilashi, ka riƙe shi cak na 'yan mintoci. Idan ka ga wani farin zare-zare yana sauka daga karan yana gurɓata ruwan, to ƙwayar bakteriya ce mai suna Ralstonia ta toshe hanyoyin ruwan shukar. A cikin ƙasa take zaune shekara da shekaru, ta saiwa take shiga, ruwan da ke gudu a gona kuma shi ke kai ta daga wannan kunya zuwa waccan. Feshin ganye ba ya isa inda take. Idan ba ka ga zaren ba, amma da ka tsaga karan ka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa, ganyen kuma ya fara rawaya ta gefe guda kafin ya mutu, to Fusarium ce, ita ma ta ƙasa ce, ita ma feshi ba ya korar ta.

Na bana, ka tuge waɗanda suka kamu har da ƙasar gindinsu, ka gyara magudana kada ruwa ya kwanta. Baɗi kuma ka ɗauke tumatir daga wannan fili, ka sa masara ko dawa na aƙalla shekara uku. Attaruhu da tattasai da gauta da dankalin Turawa duk dangin tumatir ne, sa su a wurin bai zama hutu ga ƙasar ba.

Kuɗin da ka yi niyyar kai wa mai magani, ka ajiye su don iri. UC82B da Roma VF da muka saba da su sun fi dacewa da noman rani. Haruffan VF da ke jikin Roma suna nufin yana jure Verticillium da Fusarium, waɗanda fumfuna ne na cikin ƙasa, ba ruwansu da bakteriya. Akwai irin aure da aka fitar don wurare masu zafi da laima, irin su Padma F1 na kamfanin East-West Seed da Cobra F1 na Technisem, waɗanda ake sayarwa a kan suna jure wannan lanƙwashewar. Juriya ce fa, idan ƙasar ta cika da cutar su ma wasu za su faɗi. Suna da tsada, kuma ba a ɗibar iri daga 'ya'yansu a shuka baɗi, domin abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Ka saya a gwangwani ko fakitin da ba a buɗe ba, wurin dila sananne, ka gwada kala biyu a ɗan fili kafin ka cika gona da ɗaya. Kana kusa da Samaru, ka leƙa cibiyar binciken aikin gona ta IAR ko ka nemi malamin gona na yankinku ya ga ƙasar da idonsa.

Wata baiwar Allah daga Kaduna: "Ina shuka tumatir a buhuna a bayan gida. Gindin 'ya'yan yana yin baƙi ya lotsa, wasu kuma suna tsagewa. Wane maganin ruɓa zan saya?"

Hajiya, adana kuɗinki, wannan ba cuta ba ce mai yaɗuwa. Baƙin gindi yana zuwa ne idan sinadarin kalsiyam bai kai ga ɗan tumatir ba lokacin da yake girma, sanadin kuwa yawanci ruwa ne: yau buhu ya bushe ƙamas, gobe ya cika ya tumbatsa. Tsagewar ma daga nan take, ɗa ya sha ruwa farat ɗaya bayan ƙishi, fata ta kasa ɗauka. Ki huda gindin buhunan sosai, ki ɗora su kan bulo, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ranar da ba a yi ruwa ba ki ba su da kanki. Ki rage yuriya. Waɗanda suka fara nuna kuwa ki tsinke su kafin hadari ya sauko, za su ƙarasa ja a ɗaki.

Wani matashi daga Kura: "Kuɗina kaɗan ne. In sayi famfon feshi nawa na kaina, ko in sayi sanduna da igiya in ɗaure tumatir? Yanzu aron famfon maƙwabcina nake yi."

Da damina, sanduna. Tumatirin da ke kwance a ƙasa ganyensa ba ya bushewa, 'ya'yansa suna zaune cikin taɓo, kuma ko ka fesa magani ba ya ratsa cikin duhuwar. Wanda aka ɗaga a kan sanda, a bisa kunya mai tudu, da tazarar santimita 50 zuwa 60 tsakanin shuka da shuka, iska tana bi ta cikinsa ganye ya bushe da wuri bayan ruwa, fumfuna kuwa sai ganye ya daɗe a jiƙe take samun shiga. Na san ba al'adar masu noman rani a Kadawa ba ce, can ana barinsa ya bazu a ƙasa ya kuma yi kyau, amma rani ba ruwan sama. Ba lallai sai gora ba, duk itacen da zai ɗauki nauyi ya isa, ko ka kafa turaku a bakin layi ka ja igiya. Ka shimfiɗa ciyawa ko buntun shinkafa a gindi don rage fantsamar ƙasa.

Amma ka tambayi maƙwabcin naka abu ɗaya: yana zuba maganin ciyawa a wannan famfon? Idan yana zubawa, musamman 2,4-D da masu shinkafa ke amfani da shi, ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa ya murɗe maka ganyen tumatir ya ƙanƙance, ka zaci wata sabuwar cuta ce. In haka ne, ka nemi aro a wani wurin har ka sayar da kwandunan farko. Ranar da za ka sayi naka, mai lita 16 ya ishe ka. Ka zaɓi wanda ake samun robobinsa da bakinsa a kasuwar kusa, ka karɓi bakin da ke fitar da feshi laushi kamar hazo, wanda ke watsa ruwa a faɗi na maganin ciyawa ne.

Daga Maraɗi, Jamhuriyar Nijar: "Irin da na yafa a wurin reno yana tsirowa lafiya, sai gindinsa ya sirance ya faɗi. An ce in barbaɗa toka ko in fesa ruwan ganyen bedi. Suna aiki?"

Bedi, wanda mu a nan muke kira darbejiya, yana taimakawa kan ƙananan ƙwari, amma ba zan ce ka dogara da shi kan wannan ba, tokar ma haka. Cutar tana cikin ƙasar renon, cunkoso da yawan ruwa ne ke tayar da ita. Ka ɗaga wurin renon ya kai santimita 15 zuwa 20 sama da ƙasa, ka zaɓi inda ba a taɓa sa tumatir ba, ko ka tara ciyawa ka ƙona a kai kafin shuka. Ka shuka a layi maimakon yafawa, ka yi masa rumfa mai tsawo da za ta tare dukan ruwa ba tare da ta hana iska ba, ban ruwa kuma da safe kawai. A nan ne metalaxyl yake da amfani, domin yana kama Pythium, ɗaya daga cikin masu kayar da ƙananan tsiro. Garin wanke iri irin su Apron Star yana ɗauke da shi, fakitin kuma ƙarami ne mai sauƙin kuɗi. Idan irin gwangwani ka saya ka ga an riga an rina shi ja ko shuɗi, an wanke shi tun daga kamfani, ba sai ka ƙara ba. Waɗanda suka faɗi ka kwashe su da ƙasarsu yau, ka ɗaga ƙafa da ban ruwa kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma ka dasa su idan sun kai mako uku zuwa huɗu.