Shin waya ce ke gane salon sigina da kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniya ne a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Aikina na kammala karatu shi ne haɗa na'urar da za ta riƙa gane salon da aka ɗora saƙo a kan igiyar rediyo, a kan allon FPGA, wato guntun lantarki da ake iya sake tsara aikinsa yadda ake so. Ba shi wayoyinmu ke yi ba? Kuma sai na sayi allon kafin in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. A'a, wayarka ba ta canka, gaya mata ake yi. A tsarin 4G, waya ce ke sanar da turken sabis ƙarfin siginar da ke iso mata, shi kuma ya zaɓi salo ya faɗa mata. In sigina ta yi rauni sai a koma salon QPSK, mai ɗaukar bit 2 (bit shi ne 0 ko 1) a kowace alama da aka aika. In ta yi kyau a hau 64-QAM mai ɗaukar 6, ko 256-QAM mai 8. Shi ya sa bidiyon da ke tafiya sumul a tsakar gida yake cijewa da ka shiga ƙuryar ɗaki.

Aikinka na inda babu mai gaya maka ne, kamar masu sa ido kan igiyoyin rediyo ko sojoji. Ka tsaya a kasuwar Sabon Gari, ka ji ana magana a bayanka, ka san Fulatanci ne ko Yarabanci tun ba ka fahimci zancen ba. To, haka ake so na'urar ta zama.

Hanya biyu aka fi bi. Ko dai lissafin ƙididdiga kan yadda ɗigogin sigina ke warwatsuwa in an zana ta a jadawali, QPSK ɗigo 4, 16-QAM ɗigo 16, ko kuma a koya wa ƙirƙirarriyar basira da misalai, irin kundin misalan sigina na RadioML na 2016 mai salo 11. Inda gizo ke saƙar shi ne hayaniya. Da ta yi yawa sai ɗigogin su cuɗe, 16-QAM da 64-QAM su zama kamar an tsaga kara. A nan malamanka za su matsa maka ranar kare aiki, don haka ka nuna sakamakonka a matakan hayaniya daban-daban.

Batun allo, kada ka yi gaggawa. FPGA, wanda kamfanin Xilinx ya fara fitarwa a 1985, amfaninsa sauri ne, don yana lissafi da yawa lokaci guda. Amma wurinsa kaɗan ne, dole ka rage lambobinka zuwa kamar bit 8, ka rubuta da harshen tsara na'ura irin Verilog ko VHDL, kuma gano kuskure a can akwai cin rai. Fara da kwamfutarka: sauke manhajar sarrafa sigina ta GNU Radio, kyauta ce, ka nemi 'yar na'urar kama siginar rediyo ta RTL-SDR da ake sokawa a USB, ka kamo tashoshin FM na Zariya da Kaduna ka ga siginar gaske. Sai lissafin ya zauna, sannan ka tambayi sashenku ko akwai allon aro a ɗakin gwaji.